Yadda ake sauya lagireton motar gudu don ta jure titi da filin tsere

Motar da ta yi shekaru a titi allurar zafinta ba ta taɓa gusawa ba, tana iya tafasa a filin tsere tun ba a yi nisa da zagaye ba. Man da inji ke ƙonawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke zama ƙarfin juya taya. Kashi ɗaya yana bin salansa ya fice, ragowar kuma ruwan inji ne ke kwashe shi ya kai wa lagireto. A titi kana taka totur na ɗan lokaci ka saki, lagireto ya sami sararin hucewa. A filin tsere kuwa sai ka yi minti 20 ƙafarka na ƙasa, sau da yawa ma kana bin bayan wata motar, taka tana shaƙar iskarta mai zafi.

Na daɗe ina wannan aiki, kuma abin da nake fara gaya wa mai koyo shi ne girman lagireto kaɗai ba ya sanyaya inji. Dole a tilasta wa iskar waje ta ratsa shi, dole kuma a kori iskar da ta maƙale a cikin ruwan. Wanda ya yi sakaci da waɗannan biyun, ƙarfe mai sheƙi kawai ya saya.

Kayan da za ka tanada

Na hannu: sifanoni da soket masu lamba 8, 10, 12 da 13, sukundireba, filaya mai dogon baki, filayar matse kilif, jak da ƙarafen tokare mota, faffaɗan mazubi mai cin lita 10, mazurari, tocila, kwali, tsumma, safar hannu da tabarau. Sai na'urar OBD2 mai karanto zafin inji daga kwamfutar mota, da mitar auna lantarki, da famfon gwajin matsi in ka samu aro.

Na sakawa: lagireton kansa, sabon murfi, tiyon sama da na ƙasa, kilif, tamostat (bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya yi zafi) da gasket ɗinsa, robobin da lagireto ke zama a kai, soso mai gam a baya wanda ke jure zafi, ruwan sanyaya inji irin wanda littafin motarka ya ambata, da tataccen ruwa kamar lita 20. Tataccen ruwa ina nufin irin wanda ake ƙara wa batir, amma ka karanta jikin jarkar ka tabbata ba mai asid ba ne.

Zaɓen lagireton yana son natsuwa. Nemi wanda aka ƙera wa motarka takamaimai, da shekararta da irin giyarta. Kamfanoni irin su Koyorad, CSF, Mishimoto da PWR suna yin waɗanda ke zama a gurbin na asali ba tare da yanke-yanke ba. Na asali yawanci saƙarsa, wato tsakiyar nan mai siraran bututai da fallaye, alminiyum ce, amma tankunansa roba ne da aka matse da haƙoran ƙarfe. Robar nan zafi yana busar da ita, ranar da matsi ya yi yawa sai ta tsage, galibi a wuyan tiyon sama. Wanda kake nema duk jikinsa alminiyum ne, tankunan an yi musu walda. Duba waldar: ta zama jere guda, ba ramuka. Ka guji wanda aka liƙe bututansa da gam, don araha ba ta ado.

Kauri shi ne inda mutane suka fi ruɗuwa. Na asali yakan kai milimita 16 zuwa 26. Ga motar da za ta yi titi da tsere, 36 zuwa 42 ya wadatar da mafi yawa. Na 50 zuwa sama sai injin turbo da aka ƙara wa ƙarfi sosai. Iska tana ɗaukar zafi tun daga fuskar saƙa, kafin ta kai baya ta riga ta ɗumama, don haka ninka kauri ba ya ninka sanyi. Kuma saƙa mai kauri tana yi wa fanka wuyar ja, shi ya sa za ka ga motar da ta yi lafiya a filin tsere ta dawo tana zafi a cunkoson gari. In gurbi ya ba da dama, ƙarin faɗi da tsayi ya fi ƙarin kauri amfani.

In giyarka otomatik ce, ka lura: a motoci da yawa man giya yana bi ta cikin tankin lagireto don ya huce. Ka sayi mai wannan hanyar, ko ka tanadi ƙaramin masanyayin man giya na daban.

Murfi kuma ba ya rage zafi, tafasa yake jinkirtawa. Zallan ruwa yana tafasa a digiri 100, amma ƙarƙashin matsin bar 1 (bar shi ne ma'aunin matsi da ake rubutawa a kan murfi) sai ya kai wajen 120. Daga murfin 1.1 zuwa 1.3 babu laifi in tiyo sababbi ne. Fiye da haka, ka tuna ƙaramar saƙar hita da ke ɓoye a bayan dashbod ita ma wannan matsin take sha, kuma cire ta aikin yini guda ne.

1. Ka tabbatar lagireton ne ya gaza

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin ka kwance ko noti ɗaya, ka gano yaushe motar ke zafi. Kada ka dogara da allurar dashbod, don a yawancin motocin zamani an saita ta ta tsaya a tsakiya ko da zafi yana hawa da sauka, ba ta motsi sai abu ya yi nisa. Jona OBD2 ka ga lambar gaskiya.

In zafin yana hawa ne a tsaye ko a cunkoso, ya sauka da zarar ka kama hanya, matsalar fanka ce ko gidanta. In a tsaye lafiya lau, sai an taka sosai yake hawa, to ko lagireton ya yi kaɗan, ko iska ba ta ratsa shi, ko tiyon ƙasa ya yi laushi yana shaƙewa idan famfon ruwa ya ja da ƙarfi. In kuwa ruwa yana raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, kumfa na ta tasowa a bakin tanki, ko ka tarar da tiyon sama ya yi tauri da safe inji na sanyi, ka zargi gasket ɗin kan inji. Akwai shuɗin ruwan gwaji da ake ɗorawa a bakin lagireto, in hayaƙin ƙuna na shiga ruwan sai ya koma rawaya. Motar da gasket ɗinta ya ƙone babu lagireton da zai cece ta.

Haska tocila tsakanin lagireto da kondensar na'urar sanyaya ɗaki, wato AC ɗin mota. Ganye, ƙura da ƙwari sukan taru a nan su toshe kusan rabin fuska, daga waje kuma ba ka ganin komai. Daga nan ka bi wata hanya da ka sani, ka rubuta zafin ruwa da zafin garin ranar, don ka sami abin kwatantawa bayan aiki.

2. Sauke tsohon ruwa ka wanke inji

Inji ya huce sarai, har ka iya riƙe tiyon sama ba ka ji ɗumi ba. Buɗe murfi da zafi yana watso tafasasshen ruwa a fuska da hannu, kuma ƙunar ba ƙarama ba ce. Ɗaga gaban mota, ka tokare ta da ƙarafe, kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Cire murfin ƙasan inji, ka tara mazubi, ka buɗe murfin lagireto, sannan ka kwance magudanar da ke gindinsa. In babu magudana, zare tiyon ƙasa a hankali.

Wankin a yi shi tun tsohon lagireto yana jiki, don dattin kada ya shiga sabo. Cika da tataccen ruwa, kunna hita zuwa ƙarshen zafi, tayar da inji har tiyon sama ya yi zafi, kashe, bari ya huce, ka sauke. Maimaita har ruwan ya fito garau.

Tsohon ruwan nan guba ne, ga shi da ɗanɗanon zaƙi mai jan yara da dabbobi. Zuba shi a jarka mai murfi ka kai inda ake karɓar irinsa, wanda ya zube kuma ka goge nan take.

3. Cire tsohon lagireto

Fara cire kan batir na ragi, don fankar lantarki tana iya tashi ko da makulli na aljihunka. Ɗauki hoton komai da waya. Zare wayoyin fanka da na sensa, ka fitar da gidan fanka. Tiyon da ya kafe ka murɗa shi ya saki, in ya ƙi ka tsaga shi da wuƙa tunda sabo za ka sa. Bututan man giya ka toshe bakinsu. Kondensa kuwa kwance ta daga jikin lagireto ka ɗaure ta da igiya a inda take, kada ka taɓa bututanta, gas ne a ciki mai matsi. Sai ka cire maƙalan sama ka ɗago lagireton tsaye.

Yanzu da wuri ya buɗe, sauya tamostat. In yana da ɗan ƙaramin rami mai ƙwallo a gefensa, ramin ya kalli sama, ta nan iska ke kuɓucewa. Wasu makanikai sukan ce a cire tamostat gaba ɗaya mota ta daina zafi. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Inji zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya sha mai, ya ci jikinsa, kuma a injuna da yawa tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke kewayawa cikin inji, in babu shi wani ruwan ba zai ma je lagireto ba. Tamostat mai buɗewa da wuri shi ma ba ya ƙara wa lagireto ƙarfi, jinkirta hawan zafin kawai yake yi.

4. Ɗaura sabo

Jera su biyun a ƙasa ka kwatanta bakunan tiyo, ƙafafu da ramukan noti. Ɗauraye cikin sabon da tataccen ruwa. Yanki kwali daidai fuskarsa ka manna gaba da baya, don fallayen nan ko gefen sifana ya goge su sai sun lanƙwashe. Mayar da fanka da sensa, kowane noti ka fara shi da yatsa, ka ɗaure da sassauci, alminiyum ba ya son ƙarfi.

Zura shi ya zauna a kan robobinsa, sama da ƙasa. Kada ka ɗaure lagireton alminiyum ƙarfe da ƙarfe a jikin mota. Jikin mota yana murɗawa a kwana, in babu roba waldar ce za ta sha murɗar har ta tsage. Haka nan kada ka rataye fanka da siraran robobin nan da ake sokawa ta cikin saƙa, girgiza tana sa su cinye bututu.

Zare kwalin ka duba tazara. Tunda sabon ya fi kauri, fanka ta matso kusa da inji. A bar aƙalla faɗin babban yatsa tsakaninta da fuli da bel, saboda inji yana rausaya idan an taka. Tura tiyo ya wuce tudun da ke bakin bututu, kilif ya zauna bayan tudun. Ni na fi son kilif mai sifirin irin na kamfani, don yana bin tiyo in ya kumbura ko ya tsuke. In mai sukuru kake da shi, sai ka sake ɗaure shi bayan motar ta yi zafi ta huce.

5. Toshe duk inda iska ke zillewa

A nan ne aikin yake, kuma shi aka fi tsallakewa. Iska ba ta son wahala. In ta shigo ta ragar gaba ta tarar da saƙa mai kauri, ga kuma rata a gefe, ratar za ta bi.

Jira dare ko ka rufe gareji, ka ajiye tocila a bayan lagireto, ka tsuguna a gaban mota ka leƙa ta raga. Duk inda haske ya fito ba ta cikin saƙa ba, nan iskarka ke tsiyayewa: gefe da gefe, sama tsakanin lagireto da ƙarfen da bonet ke kullewa, ƙasa, da ratar da ke tsakaninsa da kondensa. Bi su ɗaya bayan ɗaya da soso mai gam. Rata mai faɗi ka yanko falle na alminiyum ko roba mai tauri ka rufe. Ƙananan robobin da kamfani ya sa a gefen lagireto, waɗanda ake yarwa ana cewa ba su da amfani, aikinsu ke nan. Ka mayar da su.

Murfin ƙasan inji ma ka mayar. Yana hana iskar ƙarƙashin mota cika ɗakin inji, ta haka matsi a bayan lagireto ke raguwa, iskar gaba ta sami inda za ta faɗa. Iskar da ba ta da mafita ba ta shiga. Shi ya sa ɗaga bayan bonet ta wajen gilashin gaba ba ya taimakawa a guje: wurin matsin iska ne, ciki take turawa. In za a huda bonet, a huda can gaba, daf da bayan lagireto.

Fanka ta zauna a baya tana ja, cikin gidanta wanda ya rufe dukkan saƙa. Da gudu ya wuce kilomita 60 a awa iskar hanya ce ke aikin, amma a cunkoso fanka ce kaɗai gatanka. In sabuwa ka sa, ba ta rile da fis nata da waya mai kauri. Bayan ka mayar da batir ka gwada ta da takarda a gaban raga: ta manne, ba ta tashi ba.

6. Haɗa ruwa

Haɗin rabi maganin sanyaya inji, rabi tataccen ruwa, ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili, yana kuma hana tsatsa. Amma zallan ruwa ya fi shi kwasar zafi. Inda ba a ƙanƙara, kashi ɗaya na maganin cikin uku ya isa, kada dai ka yi ƙasa da haka don kariyar tsatsa za ta yi rauni. Launi ba shi ne shaida ba, ja ko kore, bi abin da littafin mota ya ce, kuma kada ka gauraya iri biyu. Ruwan famfo yana barin farin dutse a bututai.

Tambayi dokar filin da za ka shiga. Wasu masu shirya tsere sun hana ruwa mai gilaikol, wato sinadarin da ke cikin maganin sanyaya inji, saboda in ya zuba a kwalta santsi gare shi. A nan sai tataccen ruwa da ƙari irin WaterWetter na Red Line ko MoCool na Motul. Wannan haɗin ba ya hana daskarewa, mai zama a ƙasar sanyi ya sauya shi kafin hunturu.

Bayan wanki akwai ruwan da ya rage a cikin inji. Don haka fara zuba zallan maganin gwargwadon lissafin dukkan abin da motar ke ci, sannan ka cike da tataccen ruwa.

7. Kori iskar ciki

Bar gaban motar a ɗage don bakin lagireto ya fi ko'ina tsayi. Kafa mazurarin da ke toshe bakin ruf. In ba ka da shi, yanke gindin gorar roba, ka naɗe wuyanta da tef har ya shige bakin daram. Buɗe sukurun fitar da iska in motar na da su, ka zuba ruwa a hankali, siriri. Sukurun da ya fara fitar da ruwa ba kumfa sai ka rufe shi. Bar ruwa ya tsaya kamar sulusin mazurari.

Kunna hita zuwa ƙarshen zafi, fankarta a ƙasa, ka tayar da inji ya yi sulo. Riƙa matsa tiyon sama kana saki, hannunka nesa da fanka da bel. Za ka ga kumfa na fitowa ɗaya-ɗaya, wani lokacin babba ta taso ta girgiza mazurarin. Can sai ruwan ya faɗa ƙasa gaba ɗaya, tiyon da yake sanyi ya ɗau zafi: tamostat ya buɗe ke nan. Ƙara ruwa kada mazurari ya ƙafe. Ɗan taka totur har inji ya kai juyi 2,500 a minti na 'yan daƙiƙu, ka saki, ka maimaita. Ci gaba har fanka ta tashi ta tsaya sau biyu, kumfa ta ƙare, hita na busa zafi sosai. Hita mai busa sanyi alhali inji ya yi zafi alama ce har yanzu da iska a ciki, kada ka rufe.

Wasu motocin suna da tasu hanyar. BMW masu famfon ruwa na lantarki, misali, ana kunna makulli ba a tayar da inji ba, a sa hita a ƙarshe, a danne totur na daƙiƙa 10, famfon ya yi ta zagaya ruwa shi kaɗai na kusan minti 12. Motar da injinta ke tsakiya ko baya kuwa bututanta dogaye ne, gara a cika ta da na'urar zuƙe iska.

Kashe inji, bari ya huce, ka rufe murfi, ka cika ƙaramin tanki zuwa alamarsa.

8. Gwaji kafin tsere

Inji na sanyi, buga famfon gwaji zuwa lambar da ke kan murfi, ka jira minti 15. Allura ta tsaya cak. In babu famfo, shimfiɗa busasshen kwali a ƙarƙashin mota bayan ta yi zafi, ka bi kowane kilif da farin tsumma.

Sai gwajin da ba a cika yi ba. Sa baƙar wayar mita a kan batir na ragi, jar kuma ka tsoma ta cikin ruwan ba tare da ta taɓa ƙarfe ba, inji na aiki, fitilu da fanka a kunne. In ta wuce bolt 0.3, lantarki na bi ta ruwan, yawanci saboda wayar ƙasa ta inji, wato wadda ke haɗa shi da jikin mota, ta saki ko ta yi tsatsa. Wannan yana huda sabon alminiyum cikin watanni. Gyara wayar tukuna.

Koma hanyar da ka auna da farko ka kwatanta. Washegari da safe duba ruwa ka cike, don sauran iska takan fito da dare. Mai otomatik ya duba man giya.

9. Ranar fili

Sa lambar zafin inda idonka zai kai. Ga yawancin motoci digiri 90 zuwa 100 lafiya ne, 105 ka fara lura, 110 ka sassauta, ko da yake wasu injunan Turai an gina su su yi aiki sama da 100 a tuƙin gari. In ya fara hawa, fita daga bayan motar da kake bi, sauya giya da wuri, kashe na'urar sanyaya ɗaki, ka buɗe hita gaba ɗaya, ita ma ƙaramin lagireto ce. Zagayen ƙarshe ka yi shi a hankali cikin babbar giya. Da ka tsaya kada ka kashe nan take, bar shi ya yi sulo minti biyu ko uku bonet a buɗe, don da famfo ya tsaya ruwan da ke kan inji yakan tafasa a inda yake.

Tsakanin zagaye ka leƙa fuskar saƙa. Ɓarɓashin taya da tsakuwa suna cika ta, a wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi bayan ta huce. Raga mai manyan idanu a bayan bamba tana tare duwatsu ba tare da ta shaƙe iska ba.

In ruwa ya zauna daidai amma zafin baƙin mai yana haura digiri 130, lagireto ya yi nasa, masanyayin mai ne aiki na gaba. Ka nema masa gurbi a gefen bamba da tasa hanyar iskar, don in ka kafa shi a gaban lagireto zafinsa kan saƙar zai sauka.